Ba kowane akwati ke kama parabol ba: jan hankali ga masu sayen dekoda a Tawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan jaridarka, muna roƙon a ba mu fili mu yi wa masu karatu bayani kan wani abu da ke cin kuɗin magidanta a banza a nan Tawa da garuruwan da ke kewaye da ita. Mu masu sana'ar ɗaura parabol ne da gyaran tele. Da yawa daga cikin akwatunan da ake cewa sun mutu, lafiyarsu lau. Ko dai tun a kasuwa aka sayi wanda ba shi ake buƙata ba, ko kuma ciwon yana waje, a jikin waya, ko kan parabol, ko wutar da ake ba akwatin.

Tun daga suna ake fara tuntuɓe. Wanda ya saba da kayan da ke shigowa ta Ƙonni zai ce risiba, wani ya ce dekoda, a jikin kwali kuma a ga an rubuta récepteur. Amma kayan da ake kira da waɗannan sunaye ba sa aikin juna. Akwai mai kama tashoshin kyauta daga tauraron ɗan Adam. Akwai na kamfani irin na Canal+, mai kati da abonema. Akwai na TNT, wanda babu ruwansa da parabol, eriyar ƙarfe yake so wadda ke kallon dogon ƙarfen watsa shirye-shirye na gari. Har akwatin da ke karɓar muryar makirfo marar waya, wanda ake saya wa masallatai, shi ma risiba ake ce masa, kuma ba ya jin kowane makirfo sai wanda lambar zangonsa ta yi daidai da tasa. Saboda haka aika yaro kasuwa da cewa «sayo mini risiba» hanya ce ta komawa kasuwa sau biyu.

A juya akwatin a dubi bayansa, nan ake gane kowane iri. Na tauraron ɗan Adam yana da rami mai zare wanda ake murɗa waya a kansa kamar noti, an rubuta LNB IN, a kwali kuma DVB-S2. Na TNT raminsa santsi ne, turawa kawai ake yi, an rubuta ANT IN ko RF IN, a kwali DVB-T2. Wanda ke da ramukan biyu shi ake kira kombo, yana yin duka. Ba taurin kai ne ke hana ɗaya yin aikin ɗaya ba: na parabol yana sauraren zangon da ke tsakanin MHz 950 da 2150, na TNT kuma yana aiki ƙasa da haka, daga 470 zuwa wajen 700 ko sama kaɗan. Ko an samu fish ɗin da zai haɗa su, babu hoton da zai fito.

Lambar 2 da ke ƙarshen S2 da T2 ba ado ba ce. Tsofaffin akwatuna masu DVB-S kaɗai ba sa ganin tashoshin da suka koma sabon tsari, ko a jerin sunaye ba za su fito ba. Akwai kuma yadda aka dunƙule hoton: MPEG-2 ne tsoho, sai MPEG-4 wanda ake rubutawa H.264, sai na baya-bayan nan H.265. Idan kana jin magana sarai amma gilashi baƙi ƙirin, galibi tashar tana watsawa ne da tsarin da akwatinka bai iya warwarewa ba. Wannan ba ya gyaruwa a wurin mai gyara, sai canjin akwati. Wanda zai sayi sabo yau ya nemi wanda aka rubuta S2 da H.265 a jikinsa, bambancin kuɗin bai kai na sake saye ba.

Game da TNT, yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Janiba a 2006 ta sa ranar 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsarin watsa tele, kuma ƙasashen yankinmu sun zaɓi DVB-T2. Abin da wannan ke nufi ga mai sayen tele na hannu shi ne ya yi hattara. Yawancin tsofaffin tele na Turai DVB-T ne babu 2, ba za su kama ba sai an haɗa musu akwati ta HDMI. Waɗanda aka yi don Amurka kuwa tsarinsu dabam ne ɗungum, kuma wasunsu wutar bolt 120 suke ci, alhali tamu 220 ce. A karanta takardar da ke manne a baya kafin a soka a bango.

Dekodar kamfani ba ta buƙatar dogon bayani. Tashoshinta a kulle suke, katin ne mabuɗi, kuma akwatin tashoshin kyauta ba zai buɗe su ba ko an ɗora parabol daidai kan tauraronsu. Sunayen za su fito, hoto ba zai fito ba. Masu cewa suna da akwatin da ke buɗe komai har abada da kod, ta intanet suke satar mabuɗin. Kana biyan kuɗin intanet, ƙwallo na tsinkewa ana tsakiyar wasa, ranar da aka rufe hanyar kuma babu wanda za ka kai wa ƙara, tunda abin da ka saya ba halas ba ne tun farko.

Yanzu sai waje, inda yawancin wahalar take.

Abin nan da ke zaune a ƙarshen hannun parabol, wanda muke cewa kai, shi ne LNB. Tauraro yana aiko da saƙo tsakanin MHz 10,700 da 12,750, wanda waya ba za ta iya ɗauka ba, sai kai ya sauke shi. Yana yin haka ne ta hanyar cire 9,750 ko 10,600. Tashar da ke kan 11,000, a cire 9,750, ta zama 1,250. Wadda ke kan 12,500, a cire 10,600, ta zama 1,900. Akwatin ne ke gaya wa kai wanne zai cire, ta hanyar wata siririyar ƙara ta kHz 22 da yake aikawa cikin waya idan tashar ta haura 11,700. Haka kuma akwatin ne ke ciyar da kai da wuta ta cikin wayar nan ɗaya: bolt 13 idan tashar mai alamar V ce, bolt 18 idan mai alamar H ce. Wanda ya riƙe wannan zai gane rabin cututtukan parabol da kansa. Idan tashoshin V suna nan amma na H sun ɓace, ba tauraro ne ya gudu ba, bolt 18 ne ba ya isa sama, ko don waya ta yi tsawo ta lalace, ko don sashen wutar akwatin ya gaji. Idan kuma duk tashoshin da ke sama da 11,700 ne suka tafi, a duba ko wani ya kashe 22K a cikin menu. Saitin da ya dace da irin kan da ke kasuwa shi ne Universel 9750/10600, 22K a kan Auto, wutar LNB a kunne. Yara masu wasa da telekomand sukan mayar da shi 5150, wanda na manyan parabol ne na zangon C, masu faɗin mita 1.8 zuwa sama, sai gida ya wayi gari da «Pas de signal».

Daga nan ne kuma ake gane dalilin da ya sa raba waya ɗaya gida biyu ba ya yi. Idan ɗakin uwargida yana neman bolt 18, na amarya yana neman 13, kai ɗaya ba zai biya su duka ba, mai 18 ne zai rinjaya. Maganin shi ne kai mai baki biyu ko huɗu, kowane akwati da wayarsa tun daga sama. Akasin haka, wato parabol biyu ko uku zuwa akwati ɗaya, ana yin sa da ƙaramin makunnin DiSEqC, mai ɗaukar kai huɗu, amma sai an gaya wa akwatin kowane tauraro yana kan rami na nawa.

Taurarin da muke kama duk suna jere ne a saman tsakiyar duniya, nisan kilomita 35,786, suna juyawa tare da ƙasa, shi ya sa suke kamar a tsaye. Tawa tana wajen digiri 15 arewa, digiri 5 gabas, don haka dukkansu kudu da mu suke, kuma sama sosai. Mu ba da misali da lambobin kamfas, irin wanda ke cikin waya don neman alƙibla. Eutelsat na digiri 16 gabas, mai ɗauke da tashoshin Afirka da yawa, yana wajen 144, tsayinsa, wato yadda ya ɗagu sama, digiri 68. Arabsat na 26 gabas yana wajen 124, tsayi 60. SES-4 na 22 yamma, inda Canal+ take, yana wajen 243, tsayi 54. Nilesat kuwa, da wasu ke zaton yana wajen gabas tunda na Masar ne, yana digiri 7 yamma, wato kudu maso yamma da mu, wajen 220, alhali alƙiblarmu tana wajen 74. A Yamai lambobin suna ɗan sauyawa, kada a kwafe su kai tsaye.

Parabol ɗin da aka fi sayarwa mai siffar ƙwai ne, hannunsa a ƙasa, kuma yana kallon sama fiye da yadda fuskarsa ke nunawa da kamar digiri 22 zuwa 26. Sabon shiga yakan ɗaga shi ya wuce wuri. Abu na biyu da ake mantawa shi ne murɗa kai cikin zobensa. A Turai murɗawar kaɗan ce, shi ya sa takardun da ke zuwa cikin kwali ba sa damuwa da ita, amma mu da ke kusa da tsakiyar duniya babba ce: kimanin digiri 35 ga tauraron 16 gabas, kusan 60 ga na 22 yamma, kuma gefen da ake murɗawa ga na gabas ba shi ne na yamma ba. Kan da aka bari a miƙe yana cakuɗa H da V, sai ka ga wasu tashoshi ƙalau, wasu hotonsu na farfashewa gida-gida.

Wurin nema, layi biyu ne ke fitowa a gilashi, na ƙarfi da na Qualité. Na farkon yaudara ne, yana iya cika ko parabol na kallon bango, abin da yake nunawa kawai shi ne kai yana samun wuta. Na biyun ne aiki. A kawo ƙaramar tele kusa da parabol, a sa tsayin da ya dace, a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan ana tsayawa daƙiƙa biyu ko uku, domin akwatin ba ya amsawa nan take. Parabol mai santimita 90 ba ya yafe kuskuren da ya wuce digiri ɗaya, kuma digiri ɗaya a bakin faranti bai kai santimita guda ba. Shi ya sa ɗaure notuna ma sai da dabara: a ɗaure na dama kaɗan, na hagu kaɗan, ido na kan layin Qualité, don ɗaure gefe ɗaya gaba ɗaya yana jan farantin ya kauce.

Girman faranti ya danganta da inda tauraron ya haska. Kamar tocila yake, tsakiyar haskensa ƙarfi, gefe dishi-dishi. Taurarin da aka yi don ƙasashen Larabawa mu a gefensu muke, don haka farantin da ya ishi wanda ke kallon tauraron da aka nufo Afirka ta Yamma da shi ba zai ishe su ba. Faranti mai 90 yana tara abin da ya ninka na mai 60 sau biyu da kwata. Amma babba da ya lanƙwashe a saman mota bai kai ƙarami mai lafiya ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ja zare daga sama zuwa ƙasa, wani daga dama zuwa hagu a kan bakin farantin. Idan zaren biyu sun taɓa juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, farantin daidai yake.

A ganinmu kuskure ne a kafa parabol a katangar laka, ƙusa ba ta riƙe cikinta, iskar farkon damina kuma ba ta da wasa. Haka ɗora shi kan tsohuwar taya a danne da duwatsu, akuya ɗaya ta ishe shi. A haƙa rami mai zurfin santimita 50, a kafa bututun ƙarfe mai kaurin milimita 40 zuwa 50, a tabbatar ya miƙe sak ta kowane gefe, a zuba siminti, a bar shi kwana biyu kafin a ɗora. Tunda taurarinmu sama suke, ba dole ba ne a hau rufi. Tsakar gida ma ta yi. Dogon yaron da ya fi parabol tsawo da mita 3, in an ba shi tazarar mita 3, ba zai tare ko ɗaya daga waɗanda muka ambata ba, sai dai a tuna itace yana girma.

Waya ita ce inda ake yin arahar da ba ta ado. Wadda ta dace ita ce RG6, mai om 75. Akwai mai zuciyar jan ƙarfe zalla, akwai mai zuciyar baƙin ƙarfe da aka shafa wa ja a sama. Maganaɗisu yana kama ta biyun, ba ya kama ta farko. Ga tazarar mita 10 ko 15 duka suna yi, amma idan an kai mita 30 zuwa 40, ta baƙin ƙarfen tana shanye wuta, tashoshin H su fara ɓacewa. A dubi saƙar da ke ƙarƙashin fata kuma: idan ƴan silli ne jefi-jefi, a bar ta. Wurin sa fish, a fere fatar waje kamar santimita ɗaya da rabi, a mayar da saƙar baya, a bar farin roba kamar milimita 6, a tsiraita zuciyar, a murɗa fish har farin robar ya zo daidai da gindinsa na ciki, zuciyar ta leƙo milimita 2 ko 3. Silli ɗaya na saƙar nan idan ya taɓa zuciya, wuta ta haɗe ke nan, akwati ya rubuta court-circuit ko sashensa mai ciyar da kai ya ƙone. Don haka ba a murɗa waya ko kwance ta sai an zare akwatin daga bango, ba kashewa da telekomand ba, domin wasu akwatunan suna ci gaba da aika wuta sama ko suna barci. A waje kuma a bar wayar ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga ɗaki, don ruwa ya ɗiga a nan, a naɗe fish ɗin sama da tef mai kama kansa. Ruwan da ya shiga waya ba ya fita; bayan wata biyu zuciyar ta yi kore ko baƙi, sai a yanke har inda ta yi tsabta.

Ɗaukewar hoto lokacin ruwa mai ƙarfi ba lalacewa ba ce, ɗigon ruwa yana shanye saƙon wannan zango, da hadari ya wuce zai dawo. Amma idan yayyafi ma yana ɗauke shi, saiti bai cika ba ko faranti ya yi ƙarami. Ƙurar hunturu ba ta tare saƙo yadda ake zato, iskarta ce ke gusar da farantin da bai ɗauru ba. Akwai kuma ƴan kwanaki a tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba da rana ke bi ta bayan tauraro daidai, hoto ya ɗauke na ƴan mintuna kusan lokaci ɗaya kowace rana. Kada a taɓa komai, kada a biya kowa. Idan ana tsawa kuwa, a zare wutar bango da wayar parabol duka biyu.

Cikin ɗaki, zafi da kuran ne ke kashe akwati. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, akwatin da aka lulluɓe da ƙyallen ado ko aka cusa bayan tele ba ya samun numfashi. Ƙananan kondansato na sashen wuta su kumbura, sai jar fitila ta riƙa ƙyaftawa, ko akwatin ya riƙa mutuwa yana tashi. Gyara ne mai araha, a canza su da masu lamba ɗaya waɗanda aka rubuta wa digiri 105, amma aikin mai gyara ne, domin babban kondansato mai bolt 400 yana riƙe wuta ko bayan an zare. Idan an ɗauke kuran a zare akwati, a jira mintuna kaɗan bayan ta dawo, don dawowar ce ke ƙona kaya. Masu amfani da hasken rana su lura cewa batirin bolt 12 yana kaiwa 14.4 lokacin da yake caji, ba kowane akwati ke jure haka ba, kuma juya jan waya da baƙa sau ɗaya ya isa ya ƙona shi. A sa fis a hanya. Lissafin kuwa ga shi: tele mai inci 32 tana cin kamar wat 45, akwati kamar 10, a awa 5 ya kama wat-awa 275. Batiri mai amfiya-awa 100 yana ɗauke da kamar 1,200, amma rabi ake ci idan ana son ya yi ƙarko.

Muna kuma jan kunnen matasa masu zuba wa akwati sabuwar manhaja ta makullin USB. Akwatuna biyu suna iya zama suna ɗaya a waje, kayan cikinsu dabam. Manhajar da ba tasa ba, ko ɗaukewar kuran ana tsakiyar zubawa, tana barin sa tsaye kan «boot» ba gaba ba baya. Idan tasha ce ta canza lamba, ba a buƙatar wannan, Recherche aveugle da ke cikin menu zai nemo ta.

Roƙonmu ga ƴan kasuwa shi ne su riƙa tambayar mai saye abin da ke kafe a gidansa, parabol ne ko eriya, su gwada akwatin a gabansa, su rubuta irinsa da kwanakin garanti a takardar saye. Ga gidajen tele na ƙasa da masu zaman kansu kuma, duk lokacin da za su canza lamba ko tsarin watsawa, su sanar tun da wuri a Muryar Sahel da gidajen rediyon jiha, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, su faɗi lambobin uku a hankali yadda mutum zai rubuta: zango, H ko V, da lambar SR, wato ta saurin saƙon tashar. Su ma magidanta, ranar da aka gama ɗaura musu parabol, su sa mai aikin ya rubuta sunan tauraron da saitin kai a takarda, a manna ta ƙarƙashin akwatin, a kuma ja layi da fenti a jikin bututu da zoben kai inda saitin ya tsaya.

Wassalam.

Daga wasu masu ɗaura parabol da gyaran tele, Tawa.